Sunana a Shafin Godiya

Ku ƙannena da kuka yi ƙanƙanta a lokacin, da ku 'ya'yan da Allah zai ba ni idan Ya ga dama: wata rana a gidan suna ko gidan biki za ku ji ana cewa ni ce na kai ƙarar Baffa jami'a. Ban kai ƙararsa ba. Amma kuma ba zan ce muku ban yi komai ba. Shi ya sa na sayi wannan littafin rubutu, nake zama bayan la'asar ina rubuta abin tun yana ɗanye a raina, kafin in fara gyara shi yadda zai yi mini daɗi. Wata biyar ke nan, amma har yau idan na ji babur ya tsaya a ƙofar makaranta sai in leƙa in ga ko mutanen ofishin ilimi ne.

A gidanmu ba mai kiran sunana. Sunan kakata aka sa mini, wadda ta haifi babanmu da Baffa, don haka mahaifiyarmu, Inna, Mai-suna take ce mini, shi kuwa Baffa tun ina zanin goyo Uwata yake kirana. Shi ne yayan babanmu. Da babanmu ya rasu ina aji uku na firamare, Baffa bai bari an rarraba mu ba. Ya sa aka fasa katangar da ke tsakanin sashensa da namu, ya ce daga yau tukunya ɗaya. Shi ya kai ni sakandare a bayan babur ɗinsa, akwatina a kan tanki yana riƙe da shi da gwiwoyi. Da na gama, ba halin wucewa gaba, sai ya ce in zo in riƙa taimakawa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Badafi, inda yake hedimasta. Malamar sa-kai ce ni, iyayen yara ke ɗan haɗa mini na sabulu. Cikin malamai biyar ni kaɗai ce mace. Ku riƙe wannan, don shi ya zo ya zama abin tsoro.

Akwai abin da kowa ya sani a ƙauyen, ba mai faɗa. Duk ranar kasuwar Kwanar Dangora, Baffa yana idar da sallar asuba yake tayar da babur ya tafi dillancin masara, don albashi ba ya riƙe gida biyu, ɗaya daga gidajen kuwa namu ne. Tunda babba ya tafi, sauran malaman ma sai kowa ya kama gabansa. Ni nake tara aji shida a gindin ɗorawa, in sa manya su karanta, ƙanana su maimaita, ina yawo a tsakaninsu da tsumagiyar da ban taɓa dukan kowa da ita ba. Ban taɓa ganin laifin Baffa ba. Masarar nan ita nake ci.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, na juya in ƙirga 'yan aji ɗaya sai na ga babu Dije. 'Yar ruga ce, shekararta shida, takan zo da yayyenta biyu. A bayan makaranta akwai kududdufin da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, ruwa ya cika shi. Takalminta na roba na fara gani a bakin ruwan, ƙafa ɗaya. Ban san lokacin da na shiga ba. Ruwan ya zo mini wuya, ƙafata tana nutsewa a laka, ina lalube da hannu har na kamo kitsonta. Na kifar da ita a cinyata tana aman ruwa ja, yara ɗari da wani abu sun kewaye mu suna kuka, ba babba ko ɗaya sai ni. Ta rayu. Ubanta ya zo da sandarsa a kafaɗa, bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya saɓa ta, ya tasa yayyen a gaba, daga ranar ba su sake takowa makaranta ba. Da la'asar Baffa ya dawo, ya ji, ya zauna a kan benci.

"Uwata," ya ce, "maganar nan ta tsaya a nan. Saura mini shekara biyu in yi ritaya."

Na ce to.

Bayan kaka sai Anti Rabi ta zo. Ɗalibar digiri na biyu ce a sashen ilimi na wata jami'a a Kano, tana bincike a kan abin da ke sa 'ya'yan makiyaya barin makaranta. Ta zo da takarda daga ofishin ilimi, Baffa ya karɓe ta hannu biyu, ya ce ba baƙuwar da za ta sauka ko'ina sai gidansa. A ɗakina ta kwana wata guda. Inna ta yanka mata zabuwa, ta koya mata dama fura yadda ba ta gudaji, ita kuma tana yi wa Inna wanki duk da hana ta da ake yi. Ban taɓa samun yaya mace ba. Idan muka dawo daga ruga da rana, mukan kwanta a tabarma muna hira, ta ce in dage in koma karatu, ta ce ina da kai. Ranar da za ta ɗauki maganata a waya, ta karanta mini wata takarda, ta ce ba za a sa sunana ba, ba za a sa sunan makaranta ba, sannan na sa hannu. Ta tambaye ni me ya sa yara uku 'yan gida ɗaya suka daina zuwa rana ɗaya. Na yi niyyar cewa ban sani ba. Sai na ji bakina yana ba ta labarin takalmin roba. Wata huɗu ina ɗauke da shi ni kaɗai, ban ko gaya wa Inna yadda lakar ta riƙe mini ƙafa ba. Na faɗi duka, har ranar kasuwa, har inda malamai suke. Da na gama, numfashina ya sauka yadda bai taɓa sauka ba tun daminar.

Ranar da za ta tafi, Inna ta cika mata buhu da gero da daddawa, ta riƙe mata hannu a zaure.

"Rabi, idan kin rubuta littafin naki kada ki manta da mu."

"Haba Inna, in manta da ku? Wallahi da ku zan fara."

Duk muka yi dariya. Ni ma na yi.

Kusan shekara ta zagayo da abin kududdufin kafin ta kira ni, wata Lahadi da hantsi, muryarta cike da murna. Ta ce an karɓi aikinta. Ta ce laburaren jami'arsu yana shirya taro ranar Laraba, inda ɗaliban da suka yi bincike a kan ilimi za su tsaya su faɗi abin da suka gano, an gayyato mutanen ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi, daga nan kuma laburaren zai ɗora kundayen a intanet kowa ya karanta. Ta ce ta riga ta kira Baffa ta gayyace shi. Sannan ta ce in duba wayata, ta turo mini wani abu da zai faranta mini rai.

Hoton shafi biyu ne. Na farko shafin godiya. Bayan iyayenta da malamanta, ga sunan Baffa cikakke, da muƙaminsa, da sunan makarantarmu da ƙauyenmu. Ga Inna. Ga ni, Malama Sa'adatu, wadda ta ba ta ɗakinta da zuciyarta. Karon farko ke nan da na ga sunana a rubutun inji ba a katin jarrabawa ba. Shafi na biyu daga tsakiyar kundin ne, ta ja layi a ƙarƙashin maganata don in ga yadda ta fito. Ba suna, kamar yadda ta yi alkawari. An rubuta cewa wata malama, mace ɗaya tilo a makarantar, ta ce ranar kasuwa ita kaɗai ake bari da aji shida. Ga kududdufin. Ga takalmin. Na koma shafin farko, na dawo na biyu, na sake komawa. Yaro ɗan aji uku ma zai haɗa su. Na kife wayar a kan tabarma.

A tsakar gida kuwa murna ake yi. Inna ta riga ta leƙa maƙwabta ta gaya musu sunanmu ya shiga littafin jami'a. Baffa ya ɗauko shaddar da ya ajiye don sallah ya kai wa tela, ya ce lallai a gama kafin Laraba. Ya leƙo ƙofar ɗakina yana murmushi.

"Uwata, kin ji mun zama manyan mutane? A gaban 'yan ofis za a kira sunan makarantarmu."

Na ce na ji, Baffa. Na kira Anti Rabi sau bakwai, wayar a kashe. Ban ci abincin rana ba, ban ci na dare ba.

Da sassafen Litinin na ce wa Inna zan je asibitin Kiru, ciwon kai ya dame ni. Ƙaryar farko da na taɓa yi mata ke nan a kan tafiya. Na hau acaɓa zuwa Kwanar Dangora, na shiga motar Kano. Ban taɓa zuwa birni ni kaɗai ba. Duk hanya ina ganin Baffa zaune a layin gaba da sabuwar riga, Anti Rabi tana karanta maganata a lasifika, 'yan ofis suna juyowa suna kallonsa. Ina ganin takardar kora. Ina ganin an sake gina katangar nan ta tsakar gida. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Ban san ɗakin Anti Rabi ba, ban san inda sashensu yake ba. Kalma ɗaya na riƙe, laburare. Mai gadin ƙofar ya ce sai da katin ɗalibi. Na tsaya a gefe kusan awa guda ina kallon mutane suna shiga suna fita, har ya gaji da ganina ya ce me nake so. Na ce littafin da aka sa sunana a ciki nake nema. Ya yi dariya, amma ya karɓi jakata ya ba ni lamba, ya nuna mini bene. Sanyin wurin ya ratsa ni, shirun kuma ya fi sanyin. Takalmina kaɗai ke ƙara. A hawa na biyu akwai wani ɗaki da aka keɓe wa masu digiri na biyu da na uku, da tebura da kwamfutoci, an manna takardar taron Laraba a ƙofa. A teburin ƙofar akwai wata dattijuwa mai tabarau da igiya a wuya. Hajiya Balaraba sunanta, ita ke taimaka wa ɗaliban ilimi neman littattafai, ita kuma ke karɓar kundayensu. Na durƙusa na gaishe ta har ƙasa.

"Tashi, 'yata, nan ba a durƙuso, gwiwa ta yi tsada. Me aka yi miki?"

Na miƙa mata wayar. Ta duba shafin farko, ta duba na biyu. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ke ce mace ɗaya tilon?"

Na gyaɗa kai.

"Hedimastan fa?"

"Baffana ne. Shi ya riƙe mu."

Ta ja ni wani ƙaramin ɗaki, ta zuba mini shayi daga fulas ɗinta, ta ce in shanye kafin mu yi magana. Sannan ta ce ba a ɗora kundin ba tukuna, yana cikin kwamfutarta, kuma ba zai fita daga nan ba sai ta danna. Ta ce duk zangon karatu suna zaunar da ɗalibai su koya musu yadda ake ɓoye mutanen da suka yi magana, suna kuwa ɓoyewa tsaf a cikin aikin, sai a zo shafin godiya tarbiyyar gida ta tashi, a jero kowa da sunan ubansa. Ta aika aka nemo Anti Rabi daga wurin masu ɗinke kundi. Ta shigo da fara'a, ta rungume ni, Hajiya ta ajiye mata shafukan biyu gefe da gefe. Na ga lokacin da ta gane. Fuskarta ta sauya kamar an ɗauke wuta.

"Hajiya, wata guda na yi ina cin tuwonsu. In rubuta littafi in ƙi kiran sunansu? Wace irin 'ya ce ni? Inna da kanta ta roƙe ni."

"Ban ce ba ki da kirki ba, Rabi. Kirkin ne ya yi yawa har ya zube a kan yarinyar mutane."

Anti Rabi ta zauna ta rufe fuska. Ni na koma ina ba ta haƙuri, har Hajiya ta ce oh, yau ga wadda aka taka tana yi wa ƙafa sannu.

Sai Hajiya ta juyo gare ni ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ta ce shafin godiya za a sauya shi yau, za a goge sunan ƙauye, a goge maganar mace ɗaya tilo, malamin da ke duba aikin zai sa hannu, 'yan ofis ba za su san wace makaranta ba ce cikin makarantun ƙasar nan. Wannan mai sauƙi ne. Amma ta ce takardar da na sa wa hannu ta ba ni wani iko, ko an gaya mini ko ba a gaya mini ba: ina iya janye maganata gaba ɗaya, a cire kududdufin kamar ban taɓa faɗa ba.

"Idan kin bar shi, 'yan ofis ba za su gane ba. Amma Baffanki, ko a Makka ya ji labarin nan zai gane kududdufinsa. Ba zan zaɓar miki ba. Anti Rabinki ma ba ta da bakin magana a nan."

Suka fita suka bar ni. Agogon bango yana ta tafiya. Wallahi na so in ce a cire. Na shirya kalmomin a bakina. Idan aka cire, Baffa zai sa rigarsa, ya zauna a gaba, ya dawo yana ba da labari a majalisa, ni kuma in ci gaba da zama Uwata har in mutu. Amma duk sanda na rufe ido sai in ji kitson nan a hannuna, siriri, yana sulɓi. Na tuna mako mai zuwa ma akwai kasuwa, damina kuma tana tafe, kududdufin yana nan ba wanda ya cike shi. Na tuna ba makarantarmu kaɗai ke da ranar kasuwa ba. Ba jarumta na ji ba, kada wani ya gaya muku haka. Tsoro biyu ne suka haɗu a cikina, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Da suka dawo na ce a cire sunayen, a bar yarinyar.

Hajiya ta rako ni har ƙasan bene, ta rubuta mini lambarta a bayan takardar taron.

"Kada ki bari Baffanki ya ji a bakin lasifika," ta ce. "Ya fi ƙarfin haka a wurinki."

Na iso gida bayan la'asar. Na tarar da Baffa a zaure, tela ya kawo rigar, ya sa ta yana ɗaga hannu yana duba aikin wuyan. Fara ce ƙal. Ya ce Uwata, ya jikin, zo ki gani ko ta yi. Na durƙusa a bakin tabarmarsa na ce ba asibiti na je ba. Na faɗa masa tun daga wayar Anti Rabi da takardar da na sa wa hannu, har laburare, har abin da aka ce in zaɓa. Ban ɗaga kai ba, yatsun ƙafarsa nake kallo. Da na gama, sai da wata akuya ta shigo zauren ta fita kafin ya yi magana.

"Sunan makarantar yana ciki?"

"An cire, Baffa."

"Nawa fa?"

"An cire."

"Yarinyar?"

"Tana ciki."

"An ce miki za a iya cirewa."

"An ce."

Ya cire rigar a hankali ta kansa, ya shimfiɗa ta a cinya, ya ninke hannu ɗaya, ya ninke ɗayan, ya shafe ta da tafin hannu kamar mai guga. Na jira faɗa. Na jira ya tuna mini akwatina a kan tanki, da katangar da ya fasa. Da ya yi, da na samu abin yin kuka a kai.

"Tashi ki shiga gida, Malama," ya ce.

Bai je taron ba. Ya ce wa mutane ciwon baya ne ya tashi. Inna kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, ranar na huɗu tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, yanzu me za ta ce wa matan da ta gaya wa sunanmu yana jami'a. Daga bakin wa maganar ta fita gari ban sani ba, amma ta fita a karkace, ita ce wadda za ku ji. Anti Rabi ta ce da ta karanta wurin takalmin, wani daga 'yan ofis ya tambayi wace makaranta ce, Hajiya Balaraba ta miƙe daga baya ta ce wannan tambayar ba a yin ta a nan. Ba wanda ya zo mana da takarda har yau. Duk da haka ina jin babur tun daga nesa.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na fito da wuri don in share gindin ɗorawa, sai na ga babur ɗin Baffa a jingine a bangon ofis. Shi ya kaɗa ƙararrawa da kansa. Sauran malaman suka iso ɗaya bayan ɗaya suna kallon juna. Tun daga ranar bai sake zuwa kasuwa ranar makaranta ba. Ya tara iyayen yara aka yi gayya aka cike kududdufin da ƙasa da ƙaya. Ku da kuke tambayar me ya sa aka daina sa nama a miyar Juma'a, ga dalilin, kuma ni ce. Baffa bai taɓa faɗa ba. Katangar ma bai sake gina ta ba. Sau biyu ya taka har ruga, uban Dije ya shimfiɗa masa buzu, ya ba shi nono, amma yaran ba su dawo ba.

Farar rigar tana cikin akwatinsa, ko ranar sallah bai sa ta ba. Yana amsa gaisuwata. Yana tambayar ko na ci abinci. Jiya da azahar ya dawo daga makaranta, na kai masa ruwa a zaure kamar yadda nake yi tun ina ƙarama, na durƙusa na riƙe masa faifan. Ya sha, ya daɗe yana kallon cikin kwanon, har na ɗauka yau ce zai sake ce mini Uwata. Ina durƙushe ina jira. Ya miƙo mini kwanon.

"Sannu, Malama," ya ce.